Ramin da na toshe a dutsen Anasara

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har sunayen waɗanda munka ci tuwo tare, amma ranar da dutsen Anasara ya raba ni da abincina ba za ta bar raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

Lokacin sojoji na mulki, ina magini, ina aikin wucin gadi a buron kumandan, wato ofishin mai mulkin yanki, a wani gari tsakanin Konni da Badagishiri. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, anka kore ni, amma a gini ba mai gaya mini magana. Shef ɗin ayyuka ya yi mini alkawari: in an gama bikin buɗe sabon filin gaban kasuwa, za a ɗauke ni dindindin, da takarda da albashi. Ga mata, ga 'ya'ya uku, gero kuma bai yi ba a shekarar. Duk raina na kan takardar nan.

Sai ga kamyo, babbar motar kaya, ya shigo ta iyakar Najeriya da wani ƙaton akwatin katako. Anka buɗe, dutse ne fari, ya fi ni tsawo, sumul, ba kai ba ƙafa, da rami a tsakiya wanda ɗan akuya zai iya ratsawa. Anka ce kyauta ce daga wani Anasara ɗan Ingila mai sassaƙa, wai a ƙasarsu irin wanga ake girkewa a fili jama'a su zo kallo. Tsofaffi sunka ce gunki ne. Liman ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Gunki ba ido ba baki? Ku bar shi, dutse ne."

Saura kwana uku biki, shef ya tara mu. "Manya za su zo daga Tawa. Duk rami a toshe, duk bango a shafe. Ban son ganin ko huda ɗaya."

To ni me na sani? A wurinmu magini bai barin rami a aiki. Kunama ta shige, ruwa ya kwanta, a zagi ubanka. Na ɗauka lokaci ne ya ƙure wa mai sassaƙar bai ƙarasa ba. Na kwaɓa simintin Malbaza da yashi mai kyau, na cika ramin dam, na goge, na bi da farar ƙasa. Kumandan ya biyo a mota, ya sauke gilashi ya ce, "Yauwa magini! Yanzu abin ya yi kama da abu." Sannan anka lulluɓe dutsen da ƙyalle.

Ranar biki Anasaran ya zo, tsoho ne, hannuwansa duk kanta kamar nawa. Anka yaye ƙyalle, fili ya ɗauki tafi. Shi bai tafa ba. Ya matsa, ya shafa inda na toshe, sai kawai ya zauna a ƙasa da farin wandonsa, hawaye na zuba. Wallahi ban taɓa sanin Anasara na kuka ba.

Mushen lakwal, wani malami mai jin Ingilishi, ya duƙa kusa da shi, ya taso ya fassara mana. "Ya ce wata biyar ya yi yana huda ramin nan da hannu. Ya ce ramin shi ne aikin, don mutum ya leƙa ya ga kasuwa da sararin sama ta ciki. Sauran dutsen riƙe shi kawai yake yi."

Kumandan ya daka tsawa, "Wane jaki ya yi wanga aiki?"

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ai da kunka biyo a mota kun ce..."

"Na ce me? Ni na taɓa ganinka?"

Na waiga wurin shef, ya ƙura wa takalminsa ido.

Nan take sunka miƙo mini guduma da cizal, wai in fasa a gaban kowa. Ni kuwa aikin kirki na yi, simintin ya kama dutsen kamar tare anka halicce su. Na buga, na buga. Sai na ji ƙas! Dutsen ya tsage daga sama har gindi, rabi ya kife a ƙasa. Wata mai fura ta ce, "Innalillahi, ya kashe shi!"

Kwana biyu na yi hannun jandarma. Takarda ta tafi ga wani. Shekara biyu ba wanda ya kira ni ko ɗaurin katanga, sai da na ƙetara Sakkwato na yi lebura a ƙarƙashin waɗanda ban yarda su riƙe mini cokalin gini ba.

Ban ga laifin tsohon nan ba, mai aikin hannu ne, na san abin da ya ji. Abin da na koya shi ne, abin da ban san dalilinsa ba, ko ya tsone mini ido, sai na tambayi mai shi kafin in taɓa. In kuwa babba ya ce mini madalla, ba ni ƙara jin daɗi. Waigawa nake in ga ko akwai wanda ya ji, kuma wanda zai iya faɗa gobe.