Farin Garin da Aka Sayar wa Yaya

Yayata ta fi shekara ashirin tana zama a bakin ƙofar makarantar firamare ta unguwarmu da farantin alawa a gabanta. Ba alawa mai tauri ba, irin mai laushin nan ce da ke karkarwa in ka taɓa ta, shi ya sa yara suka raɗa mata suna Maman Karkarwa. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Auta, ko da yake yanzu furfura ta ci rabin gemuna, ina tuƙa tasi ina ciyar da nawa iyalin.

Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku a ɗakin haya, wannan alawar ce ta riƙe gidan. Kicin ɗinta bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai risho, da tukunya guda da ba ta yarda a dafa komai a ciki sai alawa, da ƙaramin firij mai gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Takan matse lemo, ta tafasa ruwan da sukari, ta zuba garin jelatin, sannan ta juye a 'yan robobi masu siffar kifi da tauraro. Jelatin ɗin nan shi ne ke sa ruwa ya daskare ya yi laushi, daga fata da ƙashin dabba ake dafo shi. Saboda haka Yaya ba ta taɓa wasa da asalinsa ba.

A wurin mutum ɗaya take saye, wani mai shagon kayan gasa burodi a kasuwa da kowa ke kira Mai Sikeli. Duk zuwan da za ta yi sai ta tambaye shi, “Na saniya ne? Yankakkiya?”

Shi kuma ya ce, “Kai, Hajiya! Wata rana sai kin ce in kawo miki sunan saniyar da na uwarta.”

Ta ce, “In kana da shi kawo. 'Ya'yan mutane nake ba wa.”

Wata rana Mai Sikeli ya ɗauko mata wani sabon gari a farar leda mai hoton ganye a jiki. Ya karanta mata abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe: babu saniya, babu alade, babu kowace dabba. Ya ce da yis ake yin sa, kusan irin wanda ke kumbura burodi, a wani sabon kamfani da ke bayan gari. Yaya ta gwada. Garin ba ya ƙarni, alawar ta fito garau kamar gilashi, kuma ba ta saurin narkewa a rana. Ban taɓa ganin ta yi murna da kayan sana'a haka ba. Tana cewa Allah ya raba ta da zullumin alade. Duk uwar da ta tsaya a gaban farantinta sai ta yi mata albishir da bakinta: “Wannan ko ƙashin kaza babu a ciki, ku ci da kwanciyar hankali.” Ta ci, jikokinta sun ci, ni ma na ci har na yi wa yarana guzuri.

Haka aka yi kusan shekara.

Ina cikin mota wata safiya, na ɗauko fasinja, na ji ana hira da wani likita a rediyo. Ya ambaci kamfanin nan na bayan gari. Ya ce sun kwafi ƙwayar halittar da ke sa jikin ɗan Adam ya ƙera sinadarin da ke riƙe fata da ƙashi, suka dasa ta a cikin yis, yis ɗin ya riƙa fitar musu da jelatin irin na mutum. Likitan yabo yake yi. Ya ce zai yi amfani a magani, ba ya ɗauko cutar dabbobi. Amma kafin rana ta take, maganar da ke yawo a wayoyin unguwa ta zama guda ɗaya tak: ana ba wa yara naman mutum.

Da maganar ta iso wayata, na sauke fasinjan da ke motar ban ma kai shi inda za shi ba, na juya kan mota na nufi makarantar. Na makara. Na tarar da farantin Yaya a kife cikin kwata, kifaye da taurari ja da ruwan ɗorawa a warwatse, an tattake su. Mata sun yi mata zobe. Wadda ke gaba, matar wani ma'aikacin banki ce da ke bayan layinmu, wadda Yaya ta sha riƙe mata 'yarta in ta makara ɗauka. Ita ce ke nuna ta da yatsa tana cewa, “Mayya! Da bakinki kika ce mana babu komai a ciki!”

Yaya na tsaye, ba ta ko gyara mayafinta ba. Ta ce, “Abin da aka gaya mini na gaya muku.”

Mai gadin makaranta, wanda kullum sai ta ba shi alawa biyu kyauta, shi ya ɗaga kujerarta ya jefa tsallaken titi.

Na ja hannunta na sa ta a mota. Na zaci gida za ta ce. Ta ce, “Auta, kasuwa.”

Mai Sikeli na ganinmu ya fara tafa hannu yana rantsuwa. Shi ma abin da ke jikin leda ya sani, in ji shi, kuma ai bai yi ƙarya ba, mutum ai ba dabba ba ne. Ya so ya yi dariya da wannan maganar. Yaya ta kalle shi har dariyar ta maƙale masa a wuya. Ta ɗauki leda ɗaya daga kan kantarsa ta ce mini mu tafi inda ake yi.

A ƙofar kamfanin aka ce ba a shiga sai da alƙawarin ganawa. Yaya ta zauna a ƙasa daidai inda manyan motocinsu ke fita, ta ce ta ba su alƙawari yanzu. Da direbobi suka gaji da danna hon, aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi da doguwar taga. Ta tagar ana hango manyan tankunan ƙarfe suna sheƙi, mutane cikin fararen riguna suna zagaya su. Mutum biyu suka zo. Manajan ciniki, mai taye a wuya da murmushin da bai kai ido ba, da wata matashiya mai gilashi wadda aka ce ita ke kula da tankunan.

Yaya ta ajiye ledar a tebur. “Waye a cikin nan?”

Matashiyar ta matso da kujerarta. Ta ce, “Mama, wallahi babu kowa. Ba a yanki kowa ba, ba a tono kowa ba, ko ɗigon jini babu. Kin ga yadda za ki koya wa wata yadda kike alawarki, ta je kicin ɗinta ta yi? Alawar tata ba daga tukunyarki ta fito ba, bayanin ne naki. To jikin mutum yana da bayanin yadda yake ƙera wannan sinadarin. Bayanin muka kwafa muka ba yis. Sukari yake ci, ya fitar da wannan.”

Yaya ta juya maganar a ranta. Ta ce, “Amma abin da ya fitar, da wanda ke jikina, iri ɗaya ne?”

“Kusan iri ɗaya ne, Mama.”

“To na gane. Ban yi boko mai nisa ba, amma ga shi kin faɗa sau ɗaya na gane. Me ya hana ku rubuta haka a jikin leda?”

Matashiyar ta sunkuyar da kai. Manajan ya gyara taye ya ce duk abin da suka rubuta gaskiya ne, hukuma ta duba ta amince, kuma garin ya fi na dabba tsafta nesa ba kusa ba. Ya ce, “Hajiya, in muka sa kalmar mutum a jikin leda, jama'a ba za su gane ba. Kin dai ga abin da ya faru yau.”

Ni na yunƙura zan tashi, don na ji hannuna na ƙaiƙayi. Yaya ta danne mini gwiwa.

Ta ce, “Na ga abin da ya faru yau, ni ya faru da. Kai kana nan cikin sanyi. Kun zauna kun yanke cewa mu jakai ne, ba za mu gane ba, sai kuka zaɓa mana abin da zai shiga cikinmu. Kun san akwai wanda in ya ji zai ce a'a, shi ya sa kuka zana ganye. Ganye! Wace bishiya ce ta haifi wannan? Ku ba ku yi ƙarya ba, ni kuka sa na yi muku. Shekara guda ina kallon idon uwaye ina rantse musu.”

Ya ce kamfani na baƙin ciki da abin da ya same ta, za a duba yadda za a taimaka mata da kaya.

Ta ce, “Ka zo bakin makaranta gobe ka faɗi abin da yarinyar nan ta faɗa mini. Shi ne taimakon.”

Ya ce sai ya tuntuɓi na sama da shi. Bai zo ba. Babu wanda ya zo. Matashiyar ce kaɗai ta biyo mu har mota, ta ce a hankali ita tun farko ta nemi a rubuta, aka ce ba aikinta ba ne. Yaya ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma da kin ɗaga murya kaɗan.”

Daga nan muka je wurin malamin da take ɗaukar karatu a wurinsa. Mutum ne mai tsoron Allah, bai yi mata rufa-rufa ba. Ya ce abin sabo ne. Wasu masana na ganin tunda babu wani yanki na jikin mutum a ciki, babu laifi, musamman a magani. Wasu na ganin darajar ɗan Adam ta wuce a kwaikwayi jikinsa don a yi abin kwaɗayi. Shi bai yanke ba tukuna. Amma ita, in ji shi, babu zunubi a kanta tunda ba ta sani ba.

Ta ce, “Malam, na san Allah ya san ban sani ba. Mutanen unguwa nake so su sani.”

Malam ya faɗa a wurin karatu, amma mutum nawa ne suka ji? Bidiyon da aka ɗauka tana tsaye ana ce mata mayya kuwa ya shiga kowace waya.

Ta koma garin saniya. Ta yi alawa, ta ɗauki ledar garin ta ajiye a gefen faranti don kowa ya karanta, ta zauna tsallaken makaranta tunda an hana ta bakin ƙofa. Yara na wucewa suna satar kallonta, uwaye na fizgar hannunsu. Ta yi ta zama har alawar ta fara zubar da ruwa, ta kwaso ta dawo. Bayan mako biyu ta daina.

Abin da ya fi ci mata rai ba a titi ya faru ba. An yi taron dangi a gidan ƙanwar mahaifinmu, Yaya ta shiga kicin kamar kullum ta ɗauki ludayi. Sai matar ɗan gidan ta karɓe a hannunta da ladabi, ta ce, “Yaya, ki huta, kin gaji.” Matar da ta dafa abincin duk wani taro na zuriyarmu tun ina yaro, aka kai ta falo aka ba ta filo. A mota ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Auta, rage gudu, ba na so in isa gida da wannan fuskar.”

Yanzu sabulu da bokitin roba take sayarwa a ƙofar gida. Ta ce ta zaɓi abin da ba mai sa wa a baki. Ciniki ba laifi, amma ba ta hira da masu saye kamar da, kuma duk wanda ya kira ta da tsohon sunan da yara suka sa mata ba ta amsawa.

Kamfanin kuwa ko kwana ɗaya bai rufe ba. Sun canza leda, sun ƙara layi ɗaya a baya da ƙananan baƙaƙen da sai mai ƙarfin ido. Manyan kantuna cike suke da alawarsu a kwalaye masu ƙyalli. Kwanan baya na ɗauko matar ma'aikacin bankin nan daga irin wannan kantin, ba ta gane ni ba. 'Yarta na kujerar baya tana cin alawar, na ga tambarin kamfanin a jikin kwalin ƙuru-ƙuru. Na taka burki a gefen titi na ce, “Hajiya, kin san abin da ke cikin wannan?”

Ta ce, “An ce ai ba komai, an yi bayani a talabijin.”

Na ce, “To ki je ki gaya wa matar da kika kifar wa faranti.”

Sai a lokacin ta dube ni da kyau. Ta ce ita lokacin ba ta sani ba, kowa ma ya tsorata. Na ce ta sauka ta nemi wata motar.

Da na ba wa Yaya labari, na zaci za ta ji sanyi. Faɗa ta yi mini, wai na sauke mace da yarinya a rana. Sannan ta ci gaba da jera sabulunta. Na tambaye ta, ita yanzu in aka ba ta alawar za ta ci?

Ta ce, “In magani ne, rai na kan gaba, zan sha. Alawa kuwa ban sani ba. Wata rana in ga ba komai, wata rana tsigar jikina ta tashi. Ina nan ina tunani, kuma ba wanda zai hanzarta ni.”

Wata yarinya ta zo sayen bokiti, ta tambaya ko mai ƙarfi ne. Yaya ta juya shi ta nuna mata gindinsa ta ce, “Nan wurin siriri ne, zai iya tsagewa in kika cika shi da yawa. Ki duba da kyau kafin ki ɗauka.”