Tabarau ɗin Mai Ɗakina

Akwai abin da na yi wa mai ɗakina wanda har yau nake nadamarsa.

Sana'arta ɗinkin hula. Da girma ya fara kama ta, ido ya soma yi mata hazo, zare ya daina shiga kafar allura. Ƙanenta ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Dutse, aka auna idon, aka ba ta tabarau mai farin gilashi. Ta dawo tana ta dariya, wai ashe furfura ta fito mini ba ta sani ba.

A ƙauyenmu na wajen Kiyawa, in an ce tabarau, ma'aikacin ƙaramar hukuma ake hangowa. Ban ɗauke shi magani ba. Abin da ya tsaya mini a rai, mace ta riga ni sawa a gidana.

"Sannu sakatariya," na ce mata. "Yau wane ofis za a buɗe?"

"Malam, ni dai allura nake gani."

Ran Juma'a na ɗauke tabarau ɗin a kan taga, na ƙwama, na tafi masallaci. Ƙasa tana tasowa tana komawa, kaina yana juyawa, amma na daure saboda gaisuwar da nake sha. A majalisa wani dattijo ya yaba, na cire na ba shi kyauta, ana ta sa mini albarka.

Da ta tambaya, na sayo mata baƙin tabarau irin na 'yan acaɓa a kasuwar Shuwarin.

"Ungo. Tabarau ai tabarau ne."

Ta sa, ta ɗaga allura, ta sauke.

"Malam, wannan duhu yake ƙara mini."

Na kira matan maƙwabta su zo su ga direban tirela. Suka yi dariya har da riƙe ciki.

Ƙanenta ya ce zai sake kai ta asibiti, na ce ba da izinina ba. Ta ci gaba da ɗinki da lalube, har mai sarin huluna ya dawo mata da kayanta, ya ce zanen ya karkace. Ta raba wa 'yan mata zarenta. Ba ta sake riƙe allura ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Don Allah, duk wanda likita ya auna wa tabarau a gidanku, ku bar masa abinsa, ku kama bakinku.