Kwaltar Jirgi a Bakin 'Yata

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta shekarar da aka toshe wa 'yata haƙori da kwalta ba.

Lokacin ruwan madatsar Tiga bai daɗe da cinye garinmu ba, maigida ya ajiye fartanya ya koma su. Yarinyar tana da kogo a haƙorin tauna, kuka ba dama. Mu a saninmu tsutsa ce a ciki. Ya dawo daga liƙin jirginsa da guntun kwalta, ya ce idan aka toshe ramin, tsutsar za ta rasa iska ta mutu. Ya ɗumama, ya mulmula, ya danna mata. Ciwo ya lafa, maƙwabta har suna yaba masa.

Sai kunci ya soma tashi. Ido ɗaya ya rufe, jiki kamar garwashi, baki ya ƙi buɗuwa, koko ma da cokali nake ɗiga mata. Ranar da na ji numfashinta yana fita da ƙara, sai na ɗauko mayafina.

Na ce, "Malam, asibiti zan kai ta."

Ya ce, "Ki bari wanzami ya zo ya tsaga."

"Wallahi aska ba za ta taɓa ta ba. Ka biyo ni, ko ka zauna da jirginka."

Na goya ta, ƙatuwa da ita, ƙafafunta suna dukan ƙwaurina. Ya biyo ni. A Kwanar Dangora muka sami motar Kano. Duk hanya yatsana yana bakin hancinta. In ta yi shiru sai in girgiza ta.

Likita ya cire haƙorin, mugunya ta tsiyaye. Ya ce kumburin ya kusa shaƙe ta. Da ta farfaɗo, ya ga wani ƙaramin kogo a ɗaya gefen, ya kankare shi, ya kwaɓa wani farin abu mai ƙamshin kanumfari. Na cafke hannunsa.

"Wani toshin kuma? Ba a bakin 'yata ba!"

Ya yi dariya. "Baiwar Allah, sai da na fitar da ruɓar. Wannan kashe ƙwayoyin cuta yake yi. Naku ɗaki ya gina musu."

Na sake shi, amma ina tsaye a kansa har ya gama.

Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na gane maganarsa sosai. Amma darasin tun a motar na ɗauke shi: ba a rufe ruɓa a ce an yi magani. Kuma idan numfashin ɗanki ya canza, ɗauki mayafinki kawai. A yi faɗan bayan kin dawo da shi da rai.