Darbejiyar Gidan Inna Kulu

Duk itatuwan da na sare a tsawon aikin nan sun cakuɗe mini a kai, amma ranar da muka je sauke darbejiyar gidan Inna Kulu, a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, ta ƙi barin raina. Ku da kuka shigo aikin jiya-jiya kuna yi mini dariya idan na ƙi yarda mutanen gari su riƙe mini igiya. To ku ji dalili.

Ƙarshen watan Mayu ne, hadari ya fara haɗowa ta wajen Rusairis. Inna Kulu tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗakinta ɗaya tak na tubali da rufin kwano. A ciki take kwana, ita da 'yarta da jikokin da rikici ya koro daga Madani. Darbejiyar tana jikin bango. Ƙasar wajen baƙar laka ce, da rani ta tsage, da damina ta yi laushi, har itacen ya soma karkata kan ɗakin. Ɗanta Abbakar ya samo takardar izini daga ofishin daji, tunda ba a sare ɗanyen itace sai da ita, sannan ya zo ya ɗauke ni.

Itace irin wannan ba a kayar da shi gaba ɗaya, daga sama ake farawa. Mai hawa, wato ni, ya ɗaure reshe da igiya, ya rataya ta a wata gwafa da ta fi reshen bisa, ya jefa wa na ƙasa. Shi ya yanka da zarton inji, su kuma su riƙa sassautawa a hankali har reshen ya kwanta. Ke nan ɗakin da ke ƙasa yana hannun masu igiya ne.

Na ce wa Abbakar bari in zo da mutanena. Ya ce, "La, la, ya usta. Na riga na kira nafir. In na kawo baƙi, mi zan ce ma maƙwabta?"

Nafir shi ne gayya, usta kuma haka ake kiran mai sana'a irina. Ban so ba, amma na gaji da irin wannan gardama, kowane gida sai an yi ta. Na sa aka fitar da mata da yara tsakar gida, na jera mutum huɗu a kan igiya har da Abbakar. Na ce musu duk wanda ya kama, ba susa, ba amsa waya, sai reshe ya taɓa ƙasa. Suka ce, "Tamam, ya usta."

Da safe komai ya tafi daidai. Muka sauke ƙananan rassa, mata suka kawo gahawa muka sha. Dab da azahar sai ya rage babban reshen da ya haye rufin. Na yanke shi, ya rabu da uwar, yana lilo a sama, mutum huɗu sun tokare ƙafa suna riƙe.

A daidai nan Malam Isiyaku ya shigo ta zaure da sandarsa. Shi ne dattijon unguwa, kuma ba a gayya bai leƙo ya sa albarka ba. Biyu daga cikin masu igiyata 'ya'yansa suke aure, na ukun a gabansa ya sauke Alƙur'ani. Ina sama ina kallo, suka zare takalma, suka zube ƙasa, hannu bibbiyu. Na kwarma ihu, amma inji yana ruri a hannuna, ba wanda ya ji.

Abbakar kaɗai ya rage. Igiya ta ja shi, ta saɓule masa fatar tafin hannu, ta kufce. Reshen ya faɗa kan rufin, ya karya azara, ya tsaga bango har ƙasa.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne maganar da ta biyo baya. Malam Isiyaku yana ta salati, yana cewa, "Ni sannu da aiki kawai niz zo yi." Na sauko, na tare ɗaya daga cikin surukansa na ce, "Kai, ɗaki fa ka kayar!"

Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya usta. Amma surukina na. Ƙaƙa zan tsaya ƙiƙam shina shigowa?"

Ya dube ni kamar ni ne mara tarbiyya. Kafin la'asar gari ya yanke cewa ƙaddara ce, wasu ma suka ce zartona ne ya cika sauri. Na rasa da wa zan yi faɗa. Na sake hawa na ƙarasa itacen, don ba a barin rabi a tsaye.

Da na gama na je sallamar Inna Kulu. Tana zaune kan gadonta a tsakar gida, rana tana dukanta, jikoki sun kewaye ta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Ɗan nan, da hannunshi maigidana ya dasa iccen ga. Na yarda a sare shi don ɗaki ya tsira. Yanzu ba inuwa, ba ɗaki."

Ruwan farko ya sauka kafin a ɗaga bangon, aka rarraba su gidajen maƙwabta.

Mutanenmu ba mugaye ba ne. An koya musu durƙusa wa babba tun kafin su iya tafiya, jawabina na safiya ɗaya ba zai cire musu shi ba. Shi ya sa yanzu nake ɗauko masu igiya daga garin Hajj Abdalla, waɗanda ba su da suruki ko malami a garin, in kuma ajiye mutum a bakin zaure ya tsayar da kowa, ko da liman ne. Ana ce mini mara kunya a ƙauyuka da yawa. Na yarda, ya fi mini sauƙi da in sake tsayawa gaban tsohuwa bayan na rusa mata ɗaki.