Darar da ta kai Mode haƙar kuza

Har yau a gidanmu in yaro ya yi wauta sai ka ji an ce, "Jinin Mode ne." Duk ranar da na ji haka raina ɓaci yake yi. Kakana ake zagi, kuma masu zagin ko rabin labarin ba su sani ba. Ni kuwa, matarsa Atika, kakata, ita ta ba ni shi da bakinta, ba sau ɗaya ba.

Mode maɗinki ne a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, jikokin mai garin suna nan, muna haɗuwa wurin biki. Mode mutum ne marar zama. Ya ɗauki riga ya fara wuya, ya ajiye, ya leƙa gona, ya dawo, ya sake miƙewa. Bakin dara kaɗai ke zaunar da shi: a tona gurabe cikin rairayi, wannan ya ɗebi tsakuwa, wancan guntayen kara, kowa na neman ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. In ya ji labarin wani gwani a Kajiji ko Horo Birni, a ƙasa zai tafi, rigar mutane rabi a ɗinke a kafaɗarsa. Atika ta ce tun da ta shiga gidansa ba ta taɓa jin an ci shi ba.

Lokacin yaƙin Bama Turawa suka kawo abin da ake kira ɗiban gwamna. Kowane ƙauye ya ba da maza a kai su Jos haƙar kuza, kana so ko ba ka so. Mai gari ke nuna wanda za shi. Cikin waɗanda aka ɗiba da farko, wasu labarinsu kawai ya dawo.

Mai garin nan kuwa yana son dara, dara ba ta son shi. Al'ada ce kowa ya sani: ba a cin mai gari. Amma ba a kuma miƙa masa a fili. Sai ka wahalar da shi, ka ci nasa biyu ko uku, ka dafe kai, ka yi tsaki, sannan ka yi ɗan kuskuren da ba mai gani. Ya ci, a yi ta "Allah shi ja zamaninka." Wannan ma gwaninta ce, kuma ita kaɗai Mode bai iya ba, don duk rayuwarsa zillewa yake yi in mai gari ya zauna wasa.

Ana cikin raɗe-raɗin ɗiba na biyu, mai gari ya aiko Mode ya zo ƙofar gida bayan la'asar a buga.

Atika ta tare shi a zaure. "Malam, don girman Allah ka bari shi ci. Gero bai isa yanka ba, ga ni da ciki."

"To mi na wuya? In bar mai, shi ke nan."

Ta ce tun azahar ya kasa tsayuwa. Ya zura zare ya zare, ya sa hula ya cire.

Mutane suka cika ƙofar gidan. Aka dasa, aka fara motsi. Ba a jima ba Mode ya sami biyu a jere, gurbi na uku a buɗe, makaho ma ya gani. Sai ya kau da kai ya taɓa wani ɗa can gefe. Damar ta sake zuwa, ya sake kaucewa, har yana tura ɗansa inda za a ci.

Sama'ila mahauci, wanda bakinsa bai da linzami, ya tuntsire da dariya. "Mode, yau ciwon ido kaka yi? A kawo ma tozali?"

Dariya ta ɓarke. Mai gari ya ajiye tsakuwarsa.

"Mode."

"Ranka shi daɗe."

"Ni za ka yi ma sadaka gaban jama'a?"

"Wallahi ranka shi daɗe, ban gani ba."

"Kai ne ba ka gani ba? A share, a sake. Ka yi wasanka na gaskiya, in ga."

To, ku masu cewa wawa ne, ku gaya mini abin da za ku yi. Ya sake bari, ya tabbatar da raini. Ya ci, ya kunyata mai gari a ƙofar gidansa. Bature na zaune a Sakkwato yana jiran mutane kamar mai jiran buhunan gyaɗa, mai gari na riƙe da wuyan kowa, amma wai laifin na maɗinki ne da bai iya ƙarya da hannunsa ba!

Mode ya gyara zama. Waɗanda suka gani sun ce daga nan bai sake ɗaga kai ba. Ya jera ya ci, ya buɗe ya rufe ya ci, har mai gari ya rasa abin motsawa. Ba wanda ya yi tafi. Sama'ila ma sulalewa ya yi.

Mai gari ya kakkaɓe hannu ya ce, "Lalle kai gwani na." Ya shige gida.

Da aka kira sunayen masu tafiya, na Mode ne farko. Atika ta yi masa guzurin ƙuli-ƙuli da garin gero, ya mayar wa mutane rigunansu yadda suke, wasu ba hannu, wasu ba wuya. Suka kama hanyar Sakkwato a ƙasa, ɗan doka na biye da su.

Waɗanda suka dawo sun ce sanyin Jos ya kama masa ƙirji, tari ya ƙi sakinsa. Can aka rufe shi. Da Atika ta tambaye su wurin, ba wanda ya iya kwatanta mata.