Motar Mutanen Kirki

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Tsafe ya san muryar Lawwali, ko bai san fuskarsa ba. Shi ne ɗan kamashon nan gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ke kiran Gusau saura mutum ɗaya alhali direban ma bai gama karyawa ba. Bokonsa a firamare ya tsaya, ranar da wata roka, babbar motar ɗaukar kaya, ta tsaya shan ruwa a bakin titi ya ɗare bayanta ya zama yaron mota. Ya ga Legas, ya ga Fatakwal, sauron kudu ya sha jininsa har ya gode Allah. Da gwiwa ta fara ƙorafi sai ya dawo gida, ya yi aure, ya kama kiran fasinja.

Turancinsa a jikin ƙarfe ya koye shi. Rubutun bayan tanka, na jikin kwali, na allon gefen hanya, duk ya haddace baƙi bayan baƙi. Ka ce ya gaida Bature, zufa za ta karyo masa. Amma ka ce ya jera maka baƙaƙen wata doguwar kalma ta jikin tankar fetur, ko numfashi ba zai ja ba.

Shi ya sa da Lukuman mai kemis ya kawo wasan nan na haɗa kalmomin Turanci, wanda 'yan tasha suka raɗa wa darar boko, Lawwali ya faɗa ciki har wuya. Allo ne mai gidaje, da 'yan katakai masu baƙaƙe a cikin jaka. Ka ɗiba, ka jera kalma, a ba ka maki. Ba a daɗe ba ya fara lallasa mai allon, har ya ƙwace kujerar Tsafe daga hannunsa.

Kujerar nan ba wasa ba ce. Lokaci lokaci 'yan Tsafe da 'yan Bunguɗu kan haɗu a Gusau, a zauren Alhaji Usman, wani tsohon akawu mai ƙamus kamar tubali. Kowane gari mutum ɗaya ke zama gaban allo, saura su tsaya a kansa suna ba shi shawarar da ba ta da amfani. Ana farawa bayan azahar, a tashi da sauran rana, don kowa ya san halin hanya. Dokar Alhaji ɗaya ce: duk kalmar da aka ƙalubalanta, sai mai ita ya faɗi ma'anarta da Hausa. In ya kuskure ya tashi, wani ya zauna, shi kuma ya koma girgiza jaka har damina ta zagayo. Lawwali ya fi son kujerar nan da sabuwar hula. Ranar wasa har turare yake shafawa, a gida ana tambayarsa ko zance zai je.

Wata Asabar aka haɗa shi da Malam Abdulsamad, malamin makaranta daga Bunguɗu, dogo siriri, wanda Lawwali ke kira Sandar Kiwo. Wasa ya yi zafi, baƙaƙe sun kusa ƙarewa, maki kusan kai ɗaya. Malam ya jera GOOD. Lawwali ya dubi hannunsa, ya yi murmushi, ya ɗauko S ya manna a wutsiyar kalmar, daidai kan jan gida mai ninka maki. 'Yan Tsafe suka ɗau sowa.

Malam Abdulsamad ya ce sam, sai dai a faɗi ma'ana. Lawwali ya ce wannan kalma ya kwana a ƙarƙashinta ya fi a ƙirga, babu rokar da ba ta ɗauke da GOODS ONLY a haƙarƙarinta. Alhaji Usman ya lashi yatsa, ya buɗe ƙamus, ya ce kalma dai akwai ta, saura fassara.

"Mutanen kirki," in ji Lawwali. "Mutanen kirki kaɗai, shi aka rubuta."

Wani ɗan Bunguɗu ya fashe da dariya har ya shaƙe da ruwan leda. Malam Abdulsamad ya cire tabarau yana share hawaye, ya tambaye shi wace jami'a ce ta koya masa haka.

Lawwali ya ce ubangidansa ne, marigayi Direba Gambo. Ranar da ya fara bin mota, Gambo ya kama kunnensa ya kai shi gaban rubutun, ya ce gwamnati ta hana wannan mota ɗaukar kowa sai mutumin kirki. Wanda ya bar salla ko ya taɓa buhun wani, a daji za a sauke shi. Lawwali ya ce shekarun da ya yi a bayan rokar, ko ƙwayar gyaɗa bai taɓa ci ba sai an ba shi, ga buhuna yana kwana a kansu.

Dariyar ta ɗan lafa. Alhaji Usman ya yi gyaran murya ya ce, tunda kalma ta tabbata, ya ba shi dama ta biyu, ya sake tunani. Lukuman ya sunkuyo kamar zai gyara takalmi, ya raɗa masa "kaya, kaya" da ƙarfin da har mai rake na waje ya ji. Kowa ya san in ya faɗa, wasa ya ƙare, Tsafe ta ci, kujera tana nan.

Lawwali ya dubi allon, ya dubi jan gidan nan da S ɗinsa ke zaune a kai. Ya sosa ƙeya.

"Alhaji, mi littafi ya ce?"

"Sai ka faɗi naka tukuna."

"To ni dai ba ni ƙaryata mamaci don kujerar roba. Mutanen kirki. A rubuta haka nan."

Ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya ce wa Lukuman bismilla, ga gadonsa ya dawo. Aka cire S. Lukuman ya zauna yana harararsa, bai kuma daɗe ba Sandar Kiwo ya gama da shi.

Yanzu in ka leƙa zauren ranar wasa, Lawwali ne tsaye da jaka. Yana girgiza ta kusa da kunnen 'yan Bunguɗu daidai lokacin da suke tunani, yana kiran saura baƙi ɗaya ko jakar cike take. Turaren ma bai daina shafawa ba. In aka tuna masa damina ta kusa, sai ya ce ba ya sauri, tsayuwa ta fi yi wa gwiwarsa daɗi, kuma daga sama ya fi ganin baƙaƙen kowa.