Allon Darakta Mai Inci Talatin da Biyu

Har yau ban manta da ranar da Darakta ya kira ni ofishinsa ya ce in rufe ƙofa ba. Ni masinja ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Samaru, kuma a lokacin ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Wanda ya san ni ya san idan babba ya ce in rufe ƙofa, kafin hannuna ya kai gare ta na riga na laluɓo laifuffukana, na fara shirya abin da zan gaya wa mai ɗakina idan na koma gida Bomo.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, bari in fara da tsarin ofis. A wurinmu komai yana bin muƙami. Kujerar Darakta tana da hannu kuma tana juyawa. Ta shugaban makaranta tana da hannu amma ba ta juyawa. Ta akawu ba hannu ba juyi. Ni kuwa benci ne nawa, a baranda, daura da ƙofar Darakta, kuma a kansa masu jiran ganinsa suke zama. Haka fanka take, haka labule, har kofin shayi. Ba wanda ya rubuta dokar nan, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Darakta ya ce zai aike ni Sabon Gari in karɓo allon kwamfuta guda biyu, wanda yara suke kira monita. Ɗaya na Madam Rifkatu ne, akawunmu mai buga sakamakon jarabawa, domin nata ya tsufa har rubutu ya koma ruwan hoda. Ɗayan nasa ne. Sai ya rage murya.

"Isiyaku, ɗana na jami'a ya sa mini wasan ƙwallo a cikin na'urar nan. Likita ya ce in riƙa hutar da zuciya. Ka samo mini allon da zai dace, kuma ya fi na kowa girma a makarantar nan. Na aike ka ne don na san bakinka da nauyi. Ranar da na ji maganar nan a bakin wani, ka san hanyar Bomo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, amana ce."

Tun daga Samaru har Kwangila ban yi hira da kowa a mota ba, don gudun kada bakina ya suɓuce. Wani dattijo ya tambaye ni ina za ni, na ce kasuwa, sannan na yi ta nazari ko shagon yana cikin kasuwa ne ko a bakinta, kada ya zama na yi ƙarya.

Mai shagon sunansa Emeka, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Samaru. Shi ya sayar wa makarantarmu kwamfutocinta tun farko. Ina faɗin abin da ya kawo ni ya ce, "To Baba, na Oga wasa ne ko aiki?"

Nan na tsaya. Idan na ce aiki na yi ƙarya, ni kuwa tun ina aji shida na firamare, inda karatuna ya tsaya, nake tsoron ƙarya. Idan na ce wasa na ci amana. Da ƙyar na ce, "Mai allon babban mutum ne. Abin da yake dubawa yana yawan gudu."

"Ƙwallo ko tseren mota?"

Na dubi silin.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji shi. "Duk manyan da suke aiko mana masinja, aikinsu gudu yake yi. Ban taɓa jin wanda ya ce wasa ba. Zauna in nuna maka."

Ya ce hoton allo kamar saƙar yadi ne, ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera. Idan ɗigon suna da yawa hoto ya yi sumul kamar shadda mai kyau. Idan kaɗan ne aka baza su a babban allo, sai ka ga saƙar ta buɗe kamar buhu. Don haka girma daban, kaifin hoto daban. Akwai kuma na uku, wato gudun allo, sau nawa hoton yake sabuntawa kafin ka ƙifta ido, kuma shi ne abin da mai wasa ya fi buƙata.

Ya kunna guda biyu a gabana. Na farko inci ashirin da huɗu, kaifinsa wanda suke kira dubu ɗaya da tamanin, amma yana da gudu sosai. Na biyu inci talatin da biyu, kaifinsa ya ninka na farko har huɗu, suna ce masa fo-ke, amma ba shi da gudun ƙaramin.

"Ka kai wa Oga ƙaramin," in ji Emeka. "Teburinsa ba faɗi, allon zai zauna a hancinsa. Kuma na san na'urarsa, ni na haɗa ta. Ba ta da ƙarfin jan wasa a kan fo-ke, 'yan ƙwallonsa za su riƙa ɗingishi. Babban nan na Madam ne. Za ta ga sunan yaro da makinsa na duk darussa a layi ɗaya, ba sai ta yi ta ja gefe da gefe ba."

Na ce, "Emeka, kana so a kore ni? Allon akawu ya fi na Darakta?"

"Ni dai na faɗa maka gaskiyar kaya."

Na fita waje na buga wa Darakta waya. Mutane suna wucewa, don haka ban iya ambaton komai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai mai gudu, akwai mai kaifi."

"Wanne ya fi girma?"

"Mai kaifin, ranka ya daɗe, amma mai shago ya ce..."

"To me kake tambayata?" Ya kashe.

Kafin a naɗe kayan na ciro tef ɗin ɗinki na mai ɗakina, wanda na taho da shi don kada a cuce mu. Na auna faɗin babban allon, na ga bai kai talatin da biyu ba. Na nuna wa Emeka, na ce an cuce mu. Emeka ya karɓi tef ɗin ya auna daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, ya cika cif. Ya ce haka ake aunawa duk duniya. Na roƙe shi ya bar wayarsa a kunne, ko da Darakta zai auna da kansa. Na shiga keke mai ƙafa uku na rungume kwalayen kamar mai kai jariri asibiti, kowane rami sai na yi salati.

Aka kafa alluna, babban a teburin Darakta, ƙaramin a na Madam. Darakta ya ji daɗi ƙwarai. Ya kira shugaban makaranta, wanda nasa inci ashirin da bakwai ne, wai su duba wata wasiƙa, alhali don ya ga bambanci ne kawai.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu. Bayan kujerar Darakta akwai kabad mai ƙofar gilashi inda ake ajiye kofunan da yara suka ciyo. Ƙofar ofishin kuma tana da ɗan gilashi a sama. Lokacin tsohon allo, Darakta mutum ne mai jiki, babbar rigarsa ta isa ta tare komai. Sabon allon kuwa ya fi kafaɗunsa faɗi. Duk wanda ya zauna a bencina ya ɗaga kai, sai ya ga koren fili a gilashin kabad, dama da hagun Darakta, 'yan wasa suna kai da kawowa.

Malam Dauda mai koyar da lissafi ne ya fara gani. Ya zo neman izinin zuwa ɗaurin aure, ya zauna, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Lambobin ci a juye suke fitowa cikin gilashi, amma shi malamin lissafi ne.

"Baba Isiyaku," ya ce a hankali, "an ci mu uku. Zan dawo gobe."

Na ce ban san abin da yake magana a kai ba, sannan na ji tsoron wannan ma ƙarya ce, na ce ina nufin ba zan iya magana ba.

Kafin mako ya ƙare, ɗakin malamai duka ya sani. Maganar Emeka kuma ta tabbata, domin 'yan wasan Darakta sun riƙa tsayawa suna zabura kamar akuya a turke, ana ta zura masa ƙwallo. Ran da aka ci shi, ko alli ka je nema sai ka sha wa'azi a kan almubazzaranci. Ran da ya samu ya ci, ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Bencina ya koma kamar gidan kallon ƙwallo. Malamai su zo da takardunsu su jeru, su yi shiru suna kallon sama. Da ƙwallo ta shiga raga sai a zunguri wanda buƙatarsa ta fi gaggawa, a ce, "Tashi ka shiga kafin a farke."

Ni kuwa na rame. Na koma zama ina ba ƙofar baya don kada a ce ni nake nunawa. Na yi tunanin in rataya kalanda a gilashin, na tuna masinja ba ya taɓa ƙofar Darakta sai da umarni. Madam Rifkatu, wadda take can tana fama da jan layuka a ƙaramin allonta, ta ce, "Baba Isiyaku, ka ci abinci. Ba kai ka kafa kabad ɗin ba." Na ce, "Madam, ni na ɗauko allon."

Abin ya fashe ne ranar da wani mahaifin yaro ya zo, wani ɗan kasuwar hatsi mai fara'a da babbar murya. Ya zauna a bencina yana jira, ya ɗaga kai, ya nutsu. Da aka ce ya shiga, tun daga bakin ƙofa ya ce, "Yallaɓai, gaskiya mai tsaron ragarka ne matsalarka. Ka canza shi."

Da ya fita aka kira ni. Ban jira an ce in rufe ƙofa ba.

"Har iyayen yara, Isiyaku?" in ji Darakta. "Ka ajiye makullan ofis a teburin Madam."

Na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan ajiye. Alfarma ɗaya nake nema. Ka bar allon a kunne, ka zo ka zauna a bencina."

Ya dube ni kamar na zage shi. Tun da aka gina makarantar Darakta bai taɓa zama a benci ba. Amma ya taso, ya leƙa baranda ya ga ba kowa, ya tattare riga ya zauna. Na ce ya ɗaga kai. Ga fili nan kore shar, ga mai tsaron ragar nan yana tsaye.

Ya juyo ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ji tsoron idan na ce sun sani, za ka tambaye ni wa ya gaya musu."

"Shi ya sa Dauda ba ya shigowa sai na ci?"

Na sunkuyar da kai. Wannan kuma amanar Malam Dauda ce.

Washegari ya tara ma'aikata duka. Ya yi jawabi mai tsawo a kan cewa shugaba bawan jama'arsa ne. Ya ce ya lura Madam Rifkatu tana wahalar da idonta saboda 'ya'yanmu, shi kuwa ba zai iya zama da babban allo alhali wadda ta fi shi buƙata tana matse ido ba. A gaban kowa ya umarce ni in musanya su. Aka yi ta tafi, har waɗanda suka san dalili, su ne ma suka fi tafawa. Labari ya kai ga iyayen yara, aka riƙa misali da tawali'unsa. A taron nan ne kuma ya sanar cewa an tabbatar da ni a aiki saboda riƙon amana.

Haka kowane allo ya koma inda Emeka ya ce tun farko. Madam ta gama sakamakon zangon kafin a rufe makaranta, abin da ba a saba ba. 'Yan wasan Darakta suka warke daga ɗingishi, babbar riga kuma ta koma tare komai. Malamai ne kawai suka yi hasara. Malam Dauda ya daɗe yana amsa gaisuwata da ƙyar, wai na rufe musu tagar da suke duba hadari.

Abin da na koya shi ne, idan an aike ku sayen allo, ku tambayi abin da za a yi da shi, da ƙarfin na'urar, da faɗin teburin, ku kuma duba abin da ke bayan kujera. Babba kuwa ba ya karɓar shawara daga ƙasa. Ku bar ta kusa da shi kawai, wata rana zai tsince ta ya sanar da ita a taro.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ba a yi nisa ba shugaban makaranta ya kira ni, ya ce in rufe ƙofa. Ya ce tun ranar taron hankalinsa bai kwanta ba, domin allonsa yanzu ya fi na Darakta girma, kuma mutane za su ce shi ne mai girman kai. In je Sabon Gari in samo masa wanda bai kai ashirin da huɗu ba. Sai ya rage murya, ya ce amma ya kasance mai gudu.

Emeka yana hango ni da tef a hannu ya jawo mini kujera. Ya ce, "Baba, zauna. Aiki ne, na sani."